Harafin da Yaya Ya Gyara

4 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya hayaniyar injinan nan naku? Antinki na gaishe ki. Cikinta ya tsufa, yanzu ko tsintsiya ta faɗi sai ta tsaya tana kallonta har wani ya zo wucewa.

Da na kira ki shekaranjiya na ce Inna ba ta jin daɗi, ban faɗa miki gaskiyar duka ba, domin tana kwance kusa da ni, kuma kin san kunnen Inna. Idonta ne ya tsufa, kunnen yana nan garau. Shi ya sa na ɗauki takarda, zan ba direban motar da ke zuwa garinku ya kawo miki kamar kullum.

Inna ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki ranar Asabar, an sa ƙarfe, kuma alhamdu lillahi likita ya ce aikin ya yi kyau. Na sayar da babur ɗina na biya, kada wannan ya dame ki, ƙafafuna ba su manta hanyar makaranta ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da zai biyo baya. Za a sallame ta nan da kwana goma, kuma za ta yi mako shida a kwance. Sai an juya ta, an yi mata wanka, an sa mata tasa an ɗauke. Na gwada rannan a asibiti, ta ƙanƙame zaninta ta ce gara ta mutu a haka da ɗanta namiji ya ga tsiraicinta. Na fito waje na zauna a kan benci na yi kuka, ni da furfurata. Antinki kuwa likita ya hana ta ɗaga ko tulu.

Ban da ke ba mu da kowa, Auta. Ki je wurin manyanku ki nemi hutu. Ki faɗa musu uwa ce.

Na gode da takardun da kika aiko. Kin ce kamfaninku ya zubar da su ne don layukan sun karkace, amma ni ban ga abin da suka yi ba, ga shi a kan ɗaya nake rubutu. Sai dai a wasiƙarki ta baya kin ce kin sayi sabon "dokiti". Na yi ta neman wannan kaya a ƙamus ban samu ba. Shekara talatin ke nan tun da na zaunar da ke a kan tabarma ina nuna miki cewa b cikinta yana gaba, d nata yana baya, har yau kina juya su. Na zagaye shi da jan biro, yana nan yana jiranki.

Yayanki

9 ga Maris

Malam Jan Biro,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na karanta a tsaye a bakin ƙofar kamfani. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya sauki Anti lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai bayan nan da ke ɗan taɓa ni idan na wuni ina ɗaga katan.

Bokitin nan kuwa, kuskure ɗaya ne a shekara goma, kuma a cikin mota na rubuta, takarda a kan gwiwa. Amma na san ka, sai ka ba jikokinmu labari.

Washegari da sassafe na je wurin shugabar sashenmu, wadda muke kira Uwar Agogo. Ita ce idan ka makara da minti biyu ba ta magana, sai dai ta ɗaga hannu ta dubi agogonta ta dube ka. Na shiga ina shirin roƙo, sai ta ba ni mamaki. Ta tura min kujera, ta ce ita ma ta yi jinyar uwarta shekara biyu. Ta buɗe fayil ɗina ta nuna min cewa hutuna na shekara na riga na cinye shi a watan Janairu, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Hutun jinya kuma na wanda shi kansa ba shi da lafiya ne, ba na mai jinyar wani ba. Ta ce saura hanya ɗaya, ta miƙo min fom, ta ce in je in yi tunani kwana biyu. Na ce mata ba sai na yi tunani ba, na sa hannu a gabanta.

Sun ba ni mako shida, hutu ba albashi. Zan fara ranar sha takwas, in koma aiki ranar ashirin da tara ga Afrilu. Injina za a ba wata ta riƙe kafin in dawo. Sauran kuma zan san yadda zan yi.

Abu ɗaya ne ya kwantar min da hankali. Kuɗin hayar ɗakina na shekara sun kusa cika, suna cikin gwangwanin madara a bayan kantar da marigayi mijina, Kafinta, ya kafa min, kuma sai ƙarshen Yuni mai gidan, Baba Mai Makullai, zai zo karɓa. Su kam ba zan taɓa ba ko me za a yi. Ka sha ce min in bar ɗakin nan in nemi na kusa da aiki, amma shekara tara muka yi a ciki ni da Kafinta. Tagar nan shi ya gyara ta, har yau sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta rufu, kuma duk lokacin da na ɗaga sai in ji kamar yana bayana yana cewa, "A hankali dai."

Ka ce wa Inna ta riƙe zaninta da kyau, mai wanka na nan tafe ranar Asabar.

Auta

6 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin isa lafiya, kin tarar da injinki bai yi kishin wadda ta riƙe shi ba. Jaririyar nan da Antinki ta haifa kina nan ta ƙara nauyi, kukanta kuma ya ƙara ƙarfi, Antinki ta ce halin ƙanwar ubanta ta ɗauko.

Gidan ya yi mana faɗi tun da kika tafi. Inna takan manta ta kira "Auta" da asuba, sai ta tuna, ta mai da shi tari. Ban taɓa yaba miki a gaban idonki ba don kada kanki ya kumbura, amma a takarda zan iya. Mako shida kina kwana a ƙasa kusa da gadonta, likita ya duba bayanta bai sami ko gyambo ɗaya ba, har ya tambaye ni ko ma'aikaciyar jinya muka ɗauka. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki masu yi miki.

Yanzu ga magana. Inna tana iya zama, amma tsoron tsayuwa ya kama ta. Da an ce ta sa ƙafa a ƙasa sai jikinta ya ɗauki rawa, ta ce tana ganin daɓen banɗakin nan. An ce a samo mata keken marasa lafiya don ta riƙa fitowa tsakar gida, sannan mai gashin ƙashi na asibiti ya riƙa zuwa sau biyu a mako. Na je shagon kayan asibiti na tambayo, farashin yana a ƙasan takardar nan. Ni kin san inda nake, aiki ya cinye babur, haihuwa ta cinye saura.

To ke ce mai ƙarfin gidan yanzu. Kamfanin nan naku mutanen kirki ne, hutu da albashi har mako shida! Da kunnena na ji wayarki ta yi ƙara a ƙarshen Maris kina tsakiyar wanke zanin gado, kika duba kika ce albashi ne ya shigo. Mu malamai ma da ake mana gori da dogon hutu ba a taɓa ba mu irin wannan a tsakiyar zango ba. Tunda kin ci bulus, ki ɗauki keken da wata ɗaya na mai gashi, ni in ci gaba daga nan. Ki ba direba, amintacce ne.

Yayanki

11 ga Mayu

Yaya,

Na samu saƙo. Ina gaida Inna da Anti da jaririya. Lafiyata ƙalau.

Ga kuɗin keke da na mai gashi, suna cikin ambulan ɗin da na naɗe da roba. Idan ka ji suna warin madara, kada ka damu. Ka zaɓi mai birki a hannu biyu, tsakar gidan nan gangare gare ta wajen rijiya.

Aiki ya yi yawa, sai wani lokaci.

Auta

4 ga Yuni

Auta,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fata ke ma haka, ko da yake ba ni da hanyar sani. An sayi keke mai birki biyu kamar yadda kika ba da umarni. Inna tana fitowa da hantsi ta zauna gindin bango tana ba kowa aiki.

Zan faɗa miki abin da ke raina, domin ni ba na iya ajiye magana ta kwana a cikina. Wasiƙarki ta ƙarshe layi shida ce, na ƙirga. Ko rasit na shago ya fi ta fara'a. Na kira ki sau uku, kullum "Ina wurin aiki, Yaya." Idan keken ne ya yi miki nauyi, ai da baki gare ki. Ba roƙonki na yi ba, uwarmu ce mu biyu.

Abu na biyu, ɗan abin da kika saba aikowa duk ƙarshen wata na maganin hawan jinin Inna, na Afrilu bai zo ba, na Mayu ma shiru. Na farko na ce kina hanya ne, na rufe. Na biyu sai da na je wurin mai kemis na ce ya ɗaga min ƙafa, ni da na koyar da shi karatu a aji uku. Ya yi ta "Haba Malam, ba komai," kunya kamar in nutse.

Ban san me ya same ki ba. Mutum ya yi hidimar mako shida, sai ya ga kamar ya gama biyan uwa ke nan? Ban rene ki a haka ba. Inna na tambayata kullum ko kin rubuto, ina ce mata aiki ne ya riƙe ki. Na gaji da yi miki ƙarya.

Yayanki

9 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, kuma don Allah wannan kada ka karanta mata. Ka tambayi lafiyata, to ba ni da lafiya, raina ne a ɓace, kuma yau sai na fitar da shi ko da za ka ce na yi rashin kunya.

Ga takardun albashina guda biyu a ciki, na Afrilu da na Mayu. Ka sa tabarau ka duba layin ƙarshe. Na Afrilu sifiri ne. Na Mayu kuwa, abin da ya rage bai kai kuɗin motar zuwa aiki na wata ba.

Hutun da aka ba ni ba a biyan ko sisi a cikinsa. Na rubuta maka haka tun a watan Maris. Na Afrilu na san ba zai zo ba, na shirya masa, na yi ta cin ɗan abin da na ɓoye. Na Mayu ne ya kayar da ni. Da na ga takardar na hau bene wurin akanta, na ce an yi kuskure. Mutumin kirki ne, ya juyo da kwamfutarsa ya bi da ni layi-layi. Ya ce albashin Maris da ka ji ya shigo, an riga an rufe lissafin watan kafin fom ɗina ya iso teburinsa, shi ya sa aka biya ni cikakke. Kwana goma na aiki a ciki ba nawa ba ne, don haka aka raba albashina da kwanakin aikin wata, aka cire na goma daga na Mayu. Alawus ɗin mota da na zuwa aiki ba fashi kuma, su ba sa bin wanda ba ya nan. Amma bashin ƙungiyar ma'aikata, wanda na ci bara muka gyara rufin ɗakin Inna, shi bai tafi hutu ba. Bai samu abin cira a Afrilu ba, sai ya jira ni a Mayu ya ciri na wata biyu. Inshorar lafiya ma haka. Ya ƙara da cewa kyautar ƙarshen shekara za ta ragu, ƙarin albashina kuma an matsar da shi gaba da mako shida. Na ce, "Ranka ya daɗe, wato na dawo na yi aikin wata guda cur don in biya zaman da na yi wurin uwata?" Ya cire tabarau ya ce, "Haka tsarin yake, 'yar'uwa, wallahi ba ni na rubuta shi ba." Duk yana cikin fom ɗin da na sa wa hannu, a shafi na biyu. Uwar Agogo ta ce in yi tunani kwana biyu, ni ce ban tsaya karantawa ba, kuma ko na karanta da sai na sa hannun.

Albashin Maris ɗin ma ai a gabanka ya ƙare. Ledar shimfiɗa, auduga, man shafawa, allurar nan ta kullum, ka ɗauka daga ina suka fito?

Lokacin da nake gida ka ce min mai cin bulus sau biyu, na yi dariya, na ɗauka zolayarka ce ta kullum. Sai da wasiƙarka ta Mayu ta zo na gane da gaske kake. Na ɗauki biro zan gyara maka, sai na tuna da takalminka. Na gan shi a bakin ƙofa ranar da zan taho, dunduniyar ta cinye har ƙusa ta leƙo, saboda tafiyar ƙasa zuwa makaranta. Na kasa. Na sauko da gwangwanin na juye shi.

Baba Mai Makullai ya zo tuni ranar Lahadi. Ba mugun mutum ba ne, ya zauna ya sha ruwa, ya tambayi jikin Inna. Amma ya ce akwai ɗan ƙanensa da zai yi aure yana neman ɗaki da kuɗi a hannu, idan talatin ga wata ta yi ban kawo ba, in yi masa uzuri. Na fara haɗa kwanuka a kwali. Kantar ce ban san yadda zan yi da ita ba, Kafinta ya kafa ta ne kamar ba za a taɓa tashi ba.

Ka ce ban biya uwa ba. Gaskiya ne, ban biya ba, ba kuma zan iya ba. Ban yi nadamar kwana ɗaya daga cikin arba'in da biyun nan ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne, kai da ka koya min karatu, ba ka karanta ni ba.

Auta

24 ga Yuni

Auta, ƙanwata,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Muna lafiya. Wasiƙarki ta yi kwana goma sha biyu a aljihun motar direba, injinsa ya buga yana gareji, sai ranar Juma'a ya kawo ta yana ba da haƙuri. Na san kin ɗauka fushi ne ya hana ni amsawa.

Na karanta sau biyu, sannan na je na buɗe akwatin da nake ajiye wasiƙunki, ina cika baki a raina cewa yanzu zan nuna miki ba ki taɓa rubuta haka ba. Na zaro ta tara ga Maris. Ga shi nan da hannunki, tsaf, "hutu ba albashi", b ɗinki cikinta a gaba kamar yadda na koya miki. A kanta kuma ga jan zagaye, ga ƙaramar d da na rubuta a sama da hannuna. Har na sa a gefe, "Kin sake!"

Na gani, Auta, ba wai ban gani ba. Shekara ashirin da shida ina aiki, ban taɓa yin hutun da albashi bai biyo ni ba, sai kaina ya ƙi yarda akwai irinsa. Da ya zama ko dai duniya ce ba yadda na san ta ba, ko kuwa Auta ce ta juya harafi, sai na zaɓi Auta. Daidai kika rubuta, ni na mai da shi kuskure, na kuma bi ki da faɗa a kai. Ki yafe min.

Kin ce kada in karanta wa Inna, ban karanta ba. Tana zaune a kekenta ta ga fuskata, ta ce, "Ba a biya ta ba, ko?" Na ce wa ya faɗa mata. Ta ce, "Ina kwance ina kallonta tana yanka sabulu gida uku, tana shan shayi ba madara ta ce wai ta daina so. Kai ne mai karatu, na ɗauka ka sani." Sai ta tambaye ni kuɗin keken daga ina suka fito. Na shiga ninke takardar. Ta ce, "Na ɗakin ne?" Na sunkuyar da kai.

Can sai ta ce in miƙo mata sandar nan da mai gashi ya bari, wadda wata guda yana lallashinta ta riƙe tana ƙi. Ta danne birki biyun da kanta. Na matso zan kama ta, ta ce in kuskura in taɓa ta. Ta miƙe, Auta. Jikinta na rawa, gumi na zuba, leɓenta na motsi da addu'a, ta yi taku goma sha ɗaya daga gindin bango zuwa ƙofar ɗakinta, Antinki ta toshe baki da zanin goyo. Da ta kama ƙyauren ta juyo ta ce, "Ka mayar musu da kekensu. 'Yata ba za ta kwana a titi ina zaune a kan ɗakinta ba."

Na tambayi mai gashi kafin in yi komai. Ya ce tun makonni uku da suka wuce ƙashin ya isa ɗaukarta, tsoro ne kawai, kuma keken ya fara zame mata maɓoya. Mai shago ya karɓa, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu. Na ƙara a kai da kuɗin darasin yamma da iyayen yara uku suka ba ni tun kafin in fara, ga su nan duka a cikin ambulan. Bai kai abin da kika juye daga gwangwani ba, na sani. Ki kai wa mai gidanku hakan, ki ce yayanki zai ciko saura kafin ƙarshen Agusta, in yana son takarda zan rubuta masa da sa hannu. Maganin Inna kuma ki cire shi daga ranki har albashinki ya dawo daidai.

Kuma ki ji da kyau, ba rance na ba ki ba. Ba bashi tsakaninmu. Na duba harafin sau uku kafin in rufe ambulan.

Jan biron yana wurin Antinki, ta ce za ta riƙa sa wa kwanukan aro alama da shi.

Yayanki mai kunya

1 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna mai taku goma sha ɗaya, ina gaida Anti da mai kuka irin nawa. Lafiyata ƙalau, wannan karon da gaske.

Direba ya iso ranar Asabar da la'asar, saura kwana ɗaya. Ya tarar da ni a kan kujera da sukudireba a hannu, na kwance ƙusa biyu daga cikin shida na kantar. Na karanta wasiƙarka a nan saman kujerar, da na zo wurin Inna sai da na sauko na zauna a ƙasa, don idona ya daina gani.

Na haɗa da abin da ya shigo na Yuni na kai wa Baba Mai Makullai. Ya ƙirga, ya ce bai cika ba. Na ba shi labarin keken tun daga farko. Ya daɗe yana juya makullansa, sannan ya ce ɗan ƙanensa ya nemi wani wuri, ai yaro ne, ƙafafunsa lafiya lau. Takardarka ma ya ce ba ya so, wai malamin da ya iya cewa ya yi kuskure ba sai ya sa hannu ba. Na dawo na mayar da ƙusoshin biyu. Ɗaya ta ɗan karkace, Kafinta zai yi min uzuri.

Na yafe maka tun kafin in kai ƙarshen shafi. Ni ma da laifina, layi ɗaya ya isa in gyara maka tun a watan Mayu, na zaɓi in yi shiru in ƙulle ka a raina. Ka sayi takalmi kafin ka ciko wa kowa komai. Ka kuma tsaya kusa da Inna idan za ta wuce wajen rijiya, ko ta yi maka tsawa.

Saura abu ɗaya. Na aro jan biro a wurin Uwar Agogo, na dawo maka da wasiƙarka a cikin wannan ambulan. Ka duba kusa da ƙarshe, inda ka ce ba bashi tsakaninmu. Na zagaye b ɗinka, na rubuta d a sama. Kai ka yi wata huɗu kana tafiya a ƙasa, Inna ta taka tsoronta saboda ɗakina, ni kuma na yi kwana arba'in da biyu a gefen gadonta. Da bashi tsakaninmu, Yaya, mu ukun duka, kuma ba na son ranar da za a ce an gama biya.

Da gangan na juya harafin. Kada ka gyara.

Auta